Buhu Sittin da Uku a Ɗakin Malam Shitu

A Rurum Tsohon Gari, idan ka hango dattijo yana tafe kansa a sunkuye, yana tura keke maimakon ya hau, ya yi taku goma ya duƙa, ya yi ashirin ya sake duƙawa, ba sai ka tambaya ba: Malam Shitu ne mai igiya. Baƙo zai zaci wani abu ya yar yake nema. Mutanen gari kuwa sun san takarda yake tsinta. Duk takardar da ya gani a ƙasa da rubutun Larabci a jikinta, ko da baƙi uku ne, sai ya ɗauka, ya kaɗe, ya hure ƙasar, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Daga ƙofar gidansa zuwa bakin titi tafiyar minti bakwai ce. Shi yakan yi ta a minti ashirin da biyar.

Shekararsa sittin da biyu a 2011, shekarar da abin ya faru. Gonarsa biyu, ɗaya ta dawa ɗaya ta gyaɗa. Da rani yakan tufka igiyar rama ya kai kasuwar Rano da ta Kibiya. Matarsa ɗaya, Saude, shekararsu talatin da takwas tare, haihuwa tara, shida a raye. Ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. In da ba don takardun nan ba, da ba abin da za a ba da labarinsa a kai.

Mahaifinsa, Alaramma Manu, shi ne mutumin da garin ke tunƙaho da shi. Ya rubuta Alƙur'ani da ka, da hannunsa, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa. Wata goma sha huɗu ya yi yana rubutun. Falle ɗari huɗu da tamanin da shida, ba ɗinki, a jere cikin gafakar jar fata. Shitu kuwa kansa bai ɗauki karatu ba. Ya kai izu goma sha ɗaya ya tsaya cak, aka yi wankin allo, aka yi bulala, aka yi addu'a, har Alaramma ya haƙura ya miƙa masa fartanya. Abin da ya fita da shi daga makarantar ke nan: yana gane baƙi, yana iya haɗawa in da wasali, amma bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba in ba ta cikin salla ba.

Sai kuma abu ɗaya da ya fi karatun zama a kansa. Yana ɗan shekara tara ya shigo zaure da gudu, iska ta ɗauko wani falle daga gaban mahaifinsa, ya taka shi. Alaramma bai doke shi ba. Ya sa ya ɗaga ƙafar, ya zare takardar, ya daɗe yana duban shaidar yatsu biyar da ta fito a kan rubutun, sannan ya ce, "Da ƙafar nan za ka tsaya ranar lahira, Shitu." Shekara hamsin da uku maganar nan ba ta bar shi ya wuce takarda ba.

Da Alaramma zai rasu a 1987, Shitu ne kaɗai ɗa namiji da ya rage a gida, don haka shi aka bar wa Alƙur'anin. Wasiyyar guda huɗu ce, kuma ya haddace ta fiye da izunsa goma sha ɗaya. Gafakar ta zauna cikin adakar katako. Adakar ta zauna kan duwatsu huɗu, kada ta taɓa ƙasa ko bango. A riƙa share ƙarƙashinta ana barbaɗa toka saboda gara. Sau biyu a shekara a fito da fallayen su sha iska. Shekara goma sha shida bai saɓa ko ɗaya ba. Saude ce ke yin sharar da barbaɗa tokar duk Juma'a, shi kuma ya fito da fallayen da azumi da kuma bayan kaka, ya ƙirga su, ya mayar.

A wancan lokacin tsintar takarda ba wani aiki ba ne. A wata ya samu biyar ko shida, ya cusa su a tsagar bangon masallaci kamar yadda kowa ke yi. Sai ga mulkin farar hula ya dawo, shekara ta zagayo aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, rubutun Larabci ya fito daga zaure ya bazu a kasuwa. Duk mai neman kansila sai ya sa Bisimilla a saman fostarsa, wani har da aya a ƙarƙashin hotonsa. Magoya bayan ɗayar jam'iyyar su zo su yage, su watsar a kwata. Ga kalanda, ga katin ɗaurin aure, ga takardar gayyatar wa'azi, ga jaridar da mai tsire ya naɗe nama a ciki. Ga kwalaye da ledojin kayan ƙasashen waje, kowanne da nasa rubutun. Shitu bai iya bambance aya da abin da ba aya ba, kuma ba mutumin da zai yi caca da ƙafarsa ba ne. Tsagar bangon masallaci ta cika a wata biyu. Ya ɗauko buhun taki da ba komai, ya wanke, ya shanya, ya jingine shi a ɗakinsa.

Buhun farko ya yi wata goma sha ɗaya kafin ya cika. Na biyu wata huɗu. Zaɓen 2003 kaɗai ya ba shi buhu tara.

Bayan ƙofa ne ya fara cika, don nan hannu ya fi saurin kaiwa. Sai ƙarƙashin gado. Sai tsohuwar randar da ta tsage. Sai tsakankanin azara, inda ya riƙa cusa ƙananan. Daga nan buhuna suka hau kan gadon kansa, shi ya sauko tabarma. Ɗakin taku shida ne a tsaye, biyar a kwance, adakar tana can ƙurya ta yamma. Bai taɓa ɗora komai a kanta ba, wannan kam ko kusa. A gabanta ya riƙa jerawa, da gefenta, layi bayan layi. Azumin 2003 ne na ƙarshe da hannunsa ya kai gare ta. A shekarar da ta biyo baya ya tsaya ya dubi layi biyu da suka tare hanya, ya ce bayan kaka. Bayan kaka layin ya zama uku. Zuwa 2011 akwai buhu sittin da uku da kwali goma sha huɗu, layi bakwai daga ƙurya zuwa ƙofa, har rufi. Shi kansa ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure tun shekara biyu da suka wuce.

Saude ta yi magana har ta gaji. Ta yi ta lallashi, ta yi da faɗa, ta yi da ba'a. Wata rana ta tarar yana wanke buhu na arba'in da wani abu, ta ce, "Malam, ni ma ka rubuta min baƙi biyu a goshi, ko na samu a ajiye ni a ɗaki." Ya yi murmushi ya ci gaba da wankinsa. Abin da ya fi damunta ba wurin ba ne. Ta sha gaya masa rabonta da share ƙarƙashin adakar nan tun kafin a aurar da autarsu, kuma ɗakin ƙasa da aka daina sharewa ba ya zama haka nan. Amsarsa kullum ɗaya ce: abin da ke cikin ɗakin nan yana da Mai shi, kuma Mai shi ba ya barci. Ya yi imani da haka har zuciyarsa. A ganinsa ba ɗakin da ya kai nasa tsaro a duk ƙasar Rano.

Ana nan sai Ramlatu ta zo daga Kibiya, wata Litinin, cikin tsananin zafin bazara, bayan zaɓe da 'yan makonni. Ita ce ta uku a 'ya'yansa, shekararta talatin da huɗu, 'ya'yanta biyar. Shekara shida tana zuwa Islamiyyar matan aure, tsakanin azahar da la'asar, da goyo da ciki. Ta durƙusa ta gaishe shi a zaure, ta ce sun kammala, an sa ranar sauka Asabar ta sama, kwana goma sha biyu ke nan. Tun bayan Alaramma ba wanda ya sauke a zuriyarsa sai ita.

Shitu ya yi ta sa mata albarka yana maimaitawa.

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce a wurin saukar kowace mace za ta karanta farkon Baƙara a gaban jama'a, kuma ita ba ta son karantawa a bugun inji. "Baba, a na Kaka nake so. Ina tuna shi tun ina ƙarama, kana shanya shi a kan tabarma kana korar mu. Na riga na gaya wa malamarmu, har ta faɗa wa mutane."

Ya ce ai ba komai, nata ne, wa ya fi ta cancanta. Ya faɗi haka idonsa na kan ƙofar ɗakin, wadda ba ta buɗuwa sai rabi.

Washegari bayan sallar asuba ya fara. Lissafinsa mai sauƙi ne: layi bakwai, layi ɗaya a rana, kwana bakwai, ya rage biyar. Ranar farko ya fito da buhu goma sha ɗaya shi kaɗai, don bai yarda kowa ya taɓa ba tare da alwala ba, kuma bai yarda buhu ya taɓa ƙasa ba. Ya shimfiɗa tabarmi uku da buhunan banza a tsakar gida ya jera su. Kafin azahar hanyar madafi ta toshe, Saude ta koma tana ɗaga zani tana raɓawa ta jikin bango da tukunya a hannu. Kafin la'asar akuya ta samu wani buhu da bakinsa ya kwance, ta zaro kalanda ta cinye rabi. Shitu ya bi ta har turke yana ƙwato ragowar daga bakinta.

Rana ta biyu ya fito da tara, tsakar gida ta cika. Nan lissafin ya tsaya. Sauran buhu arba'in da uku a ciki, kuma ba inda za a ajiye ko ɗaya. Ba a shiga ciki sai an rabu da na waje.

Saude ce ta ce ya je wurin Liman. Malam Munzali, limamin unguwarsu, ɗan shekara arba'in da 'yan kai ne, ya san halin Shitu kamar yadda kowa ya sani. Ya saurare shi har ya gama, ya ce masa malamai sun daɗe da yin bayani: takardar da ke da sunan Allah, in ta tsufa ko an rasa inda za a ajiye, a binne ta a wuri mai tsarki inda ba a takawa, ko a ƙone ta don a kare ta daga wulaƙanci, kuma ba laifi a kan wanda ya yi. Wadda ba ta da sunan Allah kuwa shara ce kamar kowace shara. Shitu ya ce ya ji. Ya yi godiya. A hanyar gida ya tsinci takarda huɗu.

Binnewa zai iya, amma ramin da zai ci buhu sittin da uku ba ramin mutum ɗaya ba ne a ƙasar bazara da ta bushe kamar dutse. Wuta kuwa, ko sunanta bai so a ambata ba. Ya ce hannun da ya ɗauke su daga kwata ba zai jefa su a wuta ba, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Kwana biyu suka tafi a haka, yana zaune gaban buhunan yana kore akuya.

Ran Asabar Ramlatu ta dawo ta ga inda aka kwana. Ta yi alwala, ta jawo buhu ɗaya, ta zazzage a tabarma, ta ce a raba: masu sunan Allah a dama, marasa shi a hagu. Tana ɗauka tana dubawa tana ajiyewa, shi yana tsugune a gefenta. Da farko yana tambayar kowace. Ta ce wannan kwalin sabulu ne, an rubuta yana sa fata laushi. Wannan takardar maganin ciwon haƙori ce, ƙwaya biyu bayan abinci. Wannan ledar taliya ce, ana cewa a dafa minti takwas. Ya karɓi ta taliyar ya juya ta. Ya tuna inda ya tsince ta, a bakin rumfar mahauta a Rano, cikin ruwan jini, har ya wanke ta da ruwan butarsa ya rasa na alwala.

Saude na jin su daga madafi. Ta leƙo ta ce, "Ashe shekara goma muna zaune da girke-girke a gidan nan, ni ina ta fama da tuwo." Ramlatu ta yi dariya, ta dubi fuskar mahaifinta, ta daina.

Da suka gama buhun suka ƙirga. Takarda ɗari bakwai da sha biyu. Na dama tamanin da tara. Shitu ya dubi tarin hagu ya daɗe, sannan ya tambaye ta ko ta tabbata ta duba bayan kowace. Ta ce ta duba. Ya ce ido yana kuskure, ita kuma karatun nata sabo ne. Ya tattara na hagun ya mayar cikin buhu ya ɗaure. Ramlatu ta kama hanyar Kibiya ba ta ci abincin da aka zuba mata ba.

Ran Lahadi da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar. Duk garin murna ake, ana kwashe shanya. Shitu kuwa ya kinkimi buhunan nan ashirin, ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da su ɗaki, yana haki, Saude na kama masa tana faɗa. Na ƙarshen ya shiga ana fara yayyafi. Aka yi ruwa na kirki. Da aka ɗauke, kwana shida sun tafi, ɗakin yana nan yadda yake ranar da Ramlatu ta fara zuwa, sai dai bayan mai shi da ya riƙe.

Ya kwana biyu bai iya miƙewa sosai ba. Saude ta gasa masa bayan da ruwan zafi. Ran Laraba da hantsi, saura kwana uku, ta shiga ɗakin neman tsohon masaki da ta san yana bayan ƙofa. Ta fito da wani abu a tafin hannunta ta ajiye a gabansa. Fukafukai ne, farare, sirara, cike da hannu. Ta ce ƙasan ɗakin duk su ne, tun bayan ruwan nan, kuma ba daga waje suka shigo ba, daga ƙurya suka fito.

Manomi ne, ya san fiffiken shinge, garar nan mai tashi, in ya gani. Ya san ba sa tashi sai daga gidan gara da ya daɗe ya ƙasaita.

Abin da bai yi ba a kwana takwas ya yi shi a wuni ɗaya. Bai nemi tabarma ba. Ya riƙa jawo buhu yana turo wa Saude, ita tana mirgina shi waje, kan damshin ƙasa, kan kashin kaji, ko'ina. Ta aika aka kira Ramlatu, ta iso kafin azahar ta kama. Layi na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, lafiya lau. A na biyar ya ɗaga buhu sai saman ya biyo hannunsa, ƙasan ya zauna. Abin da ke ciki ba takarda ba ce, jar ƙasa ce mai ramuka, tana motsi. Na shida da na bakwai ba su ɗaguwa ma, sun haɗe da juna da bango sun zama abu ɗaya, sai da ya ɗauko fartanya. Mutumin da bai taɓa taka takarda ba tun yana ɗan shekara tara, ranar nan a kansu ya tsaya yana sara.

Adakar tana nan kan duwatsunta huɗu, ba abin da ke kanta. Amma buhunan da ya jingina a jikinta sun zama gada. Gara ta hau ta cikinsu daga daɓe, ta gina hanya mai faɗin tafin hannu har bakin murfin. Ya taɓa katakon, yatsansa ya shige.

Suka fito da gafakar tsakar gida. Daga waje ba ta canja sosai ba, jar fatar ta ɗan yi duhu, igiyar tana ɗaure yadda ya ɗaure ta a azumin 2003. Sai dai nauyinta ya ƙaru. Ya kasa kwancewa. Ramlatu ce ta kwance, ta buɗe, ƙasa ta zubo kan zaninta.

Ba wanda ya yi kuka a lokacin. Ramlatu ta sa yatsu tana ɓarewa a hankali kamar mai tsince shinkafa. Sama ya tafi gaba ɗaya, har da farkon da take son karantawa, da zanen ja da rawaya da Alaramma ya ƙawata shi da shi. Ƙasa ma ya tafi, har da fallen ƙarshe inda ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da shekarar da ya gama. A tsakiya, inda fallayen suka matsu, ta samu waɗanda gara ta ci gefensu ta bar rubutun. Ta riƙa zarowa tana miƙa masa, yana ƙirgawa a fili, don bai san abin da zai yi da bakinsa ba in ba haka ba. Talatin da ɗaya. Daga ɗari huɗu da tamanin da shida.

Shekara bakwai Saude tana faɗin wannan ranar, da ta zo kuma ba ta ce ai na faɗa ba. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta ajiye kusa da shi.

Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ledar taliya na nan lafiya."

Ramlatu ta ce, "Baba, ba komai. Zan karanta a na makaranta."

"Da komai," in ji shi.

Ƙasar da ta fito daga gafakar bai yarda a share ba. Ya ce tawadar mahaifinsa na ciki. Ya tattara ta da hannu, kwano uku da rabi, ya ƙulle a farin ƙyalle. Ran Alhamis da sassafe ya ɗora a keke ya tafi gonar dawa, ya haƙa rami har gwiwa a gindin ɗorawa inda garma ba ta bi, ruwan da aka yi ya tausasa ƙasar. Ya binne, ya ɗora dutse. Kafin ya tafi ya ce wa Saude su yi yadda Liman ya ce. Bai faɗi kalmar ba. Yana tsugune a gona ya hango hayaƙi ya miƙe daga bayan gidansa, fari, sannan baƙi saboda ledoji. Wuni biyu ana yi. Bai dawo gida ba sai bayan magariba a duka ranakun.

Ran Asabar aka yi sauka a Kibiya. Mata ashirin da bakwai, Ramlatu ce ta tara. Ta karanta a bugun inji, aka yi kabbara. Shitu yana cikin maza a ƙarƙashin rumfa, fallayen nan talatin da ɗaya naɗe a ƙyalle cikin aljihun gaban rigarsa. Da aka tashi, wani tsoho ya nufo shi yana dogara sanda. Daga Fammar ya zo, ya yi karatu a gaban Alaramma Manu yana saurayi, shi ne ma ya riƙa fere masa alƙalami lokacin rubutun. Ya ce ya ji an ce yau za a fito da Alƙur'anin, shi ya sa ya hau mashin da ciwon ƙafarsa, yana so ya ƙara ganin hannun malaminsa kafin ya mutu.

Shitu zai iya cewa an manta a gida. Ya zaro ƙyallen ya buɗe, ya ce, "Abin da ya rage ke nan. Gara ta ci. A ɗakina."

Tsohon ya yi salati. Ya karɓi falle ɗaya ya kai kusa da idonsa, ya bi layi da yatsa, leɓensa na motsi, har ya kai inda ramin ya yanke rubutun, ya ƙarasa da ka. Ya mayar masa. Ya tambaye shi ko ba a sa toka ba ne. Shitu ya ce an daina. Tsohon ya gyaɗa kai ya juya, bai yi masa sallama ba.

Malam Shitu yana nan da ransa. Ɗakin an share, an yi sabon daɓe, an toshe ramukan da kalanzir da toka, amma bai koma ciki ba, a zaure yake kwana har yanzu. Duwatsun nan huɗu ya hana a fitar. Fallayen suna cikin sabuwar gafaka da ke rataye a tsakiyar ɗakin da igiyar da ya tufka da kansa, ba ta taɓa bango ta ko'ina.

Tsintar kuwa bai daina ba, ƙafarsa ba ta yarda. Tafiyar minti bakwai tana nan a ashirin da biyar. Sai dai Saude ta ajiye wata tsohuwar tukunyar ƙasa a bakin zaure, ta ce nan ne iyaka, takarda ba ta ƙara shiga cikin gida. In ya dawo sai ya juye aljihunsa a ciki ya rufe da faifai. Duk Juma'a, in ya tafi masallaci, kafin ya dawo tukunyar ta zama wayam, da ɗan ɗumi a jikinta. Bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Yakan wuce ta ya shiga ɗaki, ya sauko da gafakar, ya shimfiɗa fallayen a tabarma su sha iska, ya ƙirga. In ya kai talatin da ɗaya sai ya ɗan tsaya da hannunsa a miƙe, sannan ya fara mayarwa.